Za a sayar da asibitin gundumarmu, jaridar garin kuma ta bi bayan masu sayarwa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, shekarata tara ina aiki a asibitin gundumar da nake zaune. Wata biyu da suka wuce muka wayi gari kwamishinonin gunduma sun ce za su nemo wa asibitin 'abokin haɗin gwiwa', kuma kowa ya san sayarwa ake nufi. Jarida ɗaya ce tak a garin. Kullum maganar shugaban asibiti da ta kwamishinoni take bugawa a sama, mu da ba mu yarda ba sai can a layin ƙarshe. Abokan aikina sun ce an saye ta. Kai da ka daɗe a aikin jarida, yaya ake gane jaridar da aka saya? Kuma shi sayar da asibitin gwamnati, alheri ne ko sharri?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da ladan jinya. Tambaya biyu kika zuba a ƙwarya ɗaya: ko sayarwar ta dace, da kuma ko jaridar ta ci amanarku. Zan fara da ta asibitin, domin ba za ki iya auna karkatar jarida ba sai kin san tambayoyin da ya kamata ta yi ta ƙi yi.

Ga masu karatu na gida, gundumar da Malama take magana a kai ita ce Amurkawa ke kira kawunti, kuma akwai fiye da 3,000 a ƙasar. Ta yi kama da ƙaramar hukuma a wurinmu, sai dai ita tana da haƙori: tana karɓar harajin gidaje da filaye da kanta, tana yin kasafinta, wata kuma tana da asibiti ko filin jirgin sama nata. Masu riƙe da ita 'yan kaɗan ne, sau da yawa uku ko biyar, kuma da yawansu suna da sana'arsu ta daban, wani lauya, wani dillalin gidaje. Idan su biyar ne, mutum uku sun isa su yanke hukunci a kan dukiyar da kakanni suka tara.

Yadda aka yi a Wilmington

Misalin da na fi bibiya shi ne na gundumar New Hanover a jihar Karolina ta Arewa, inda birnin Wilmington yake. A 1961 mutanen gundumar suka kaɗa ƙuri'a, da ƙyar aka samu rinjaye, suka amince a ci bashi a gina sabon asibiti. Aka buɗe shi a 1967, ya maye gurbin tsofaffin asibitoci biyu na zamanin wariyar launin fata, James Walker Memorial da Community Hospital wanda baƙaƙen fata suka gina wa kansu. Ya girma har ya zama wurin da ya fi ko'ina ɗaukar ma'aikata a gundumar, fiye da mutum 7,000, yana kula da marasa lafiya daga gundumomin maƙwabta. Ba ya karɓar kuɗin haraji daga gunduma, kuma ba faɗuwa yake yi ba. Ki riƙe wannan, domin mutane da yawa suna zaton asibitin da ya durƙushe kaɗai ake sayarwa.

A watan Yulin 2019 manajan gunduma Chris Coudriet da shugaban asibitin John Gizdic suka sanar cewa za a duba makomar asibitin. A watan Satumba kwamishinoni suka kaɗa ƙuri'ar bayyana niyyar sayarwa, uku suka amince, biyu suka ƙi. Jama'a suka yi ca, aka kafa ƙungiya mai suna Save Our Hospital, har ta kai ƙara kotu. Hukuma ta kafa kwamitin ba da shawara na mutum 21, aka karɓi tayi daga manyan kamfanonin asibiti, aka tace zuwa uku: Novant Health da Atrium Health da Duke Health. Ranar 5 ga Oktoban 2020 kwamishinoni suka amince a sayar wa Novant, huɗu da ɗaya. Rob Zapple ne kaɗai ya tsaya a kan a'a. Saura wata ɗaya ke nan a yi zaɓen gama-gari, kuma biyu daga cikin waɗanda suka ɗaga hannu ba sa ma neman komawa kujerunsu. Asibitin da aka gina da ƙuri'ar jama'a aka sayar ba tare da an koma wurinsu ba, domin dokar jihar ba ta tanadi ƙuri'ar raba-gardama a irin wannan ba. Abin da ta tanada shi ne a bayyana niyya, a nemi tayi daga masu saye aƙalla biyar, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, sannan kwamishinoni su yanke.

Ranar 1 ga Fabrairun 2021 ciniki ya faɗa a kan dala biliyan 1.5, tare da alƙawarin zuba wasu biliyoyi a gine-gine da kayan aiki cikin shekaru masu zuwa. Da aka haɗa da kuɗin da asibitin ke da shi a ajiye, gunduma ta ware dala miliyan 300 don ranar baƙin ciki, miliyan 50 don lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, sai kusan dala biliyan 1.25 da aka zuba a wata gidauniya, New Hanover Community Endowment. A nan ne zancen ya fi ɗaukar hankalina. Gidauniyar ba hukumar gwamnati ba ce. Ba jama'a ke zaɓen shugabanninta ba: kwamishinoni na naɗa biyar, hukumar gudanarwar asibitin da ke ƙarƙashin Novant na naɗa shida. Dokar da ta tilasta wa gwamnati yin taro a bainar jama'a da buɗe takardunta ba ta hau kanta ba. Sai da babban lauyan jihar na lokacin, Josh Stein, ya duba cinikin, sannan aka ƙara kujeru biyu, aka kuma wajabta mata ta riƙa zama da jama'a lokaci-lokaci. Dukiyar da jiya kowane ɗan gari yake da ikon cewa a nuna masa lissafinta, yau sai abin da aka ga damar nuna masa.

To, alheri ne ko sharri?

Masu son sayarwa ba mahaukata ba ne, kuma bai kamata ki ɗauke su duka ɓarayi ba. Hujjarsu tana da nauyi. Asibiti guda tilo ba shi da ƙarfin ciniki da kamfanonin inshora kamar ƙungiyar da ke da asibitoci ashirin. Na'urori da manhajar ajiye bayanan marasa lafiya suna cin kuɗi mai yawa. Asibitin gunduma kuma dokoki suna ɗaure masa hannu wajen cin bashi ko gina reshe a wajen iyakar gundumar. A Wilmington sun ce gara a sayar tun saniya na da ƙiba, a samu farashi da sharuɗɗa masu kyau, da a jira ta rame. Kuma an samu wasu abubuwa: an faɗaɗa rangwamen da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi, gidauniyar ma ta fara raba miliyoyin daloli ga makarantu da ƙungiyoyin agaji.

Ta ɗaya ɓangaren, masana tattalin arzikin lafiya a Amurka sun daɗe suna nuna cewa idan asibitoci suka haɗe ƙarƙashin hannu ɗaya, farashi yakan hau, ingancin jinya kuwa ba dole ya hau tare da shi ba. A tsakiyar 2022 masu sa ido na gwamnati suka sa asibitin Wilmington a matakin gargaɗi mafi tsanani, wanda zai iya janyo a yanke masa kuɗin Medicare, wato shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnatin tarayya, bayan wata dattijuwa ta rasu a wurin jira na sashen gaggawa, ta shafe fiye da awa biyar tana jira. Daga baya an ɗage gargaɗin. Adalci shi ne a tuna cewa lokacin duk ƙasar na fama da ƙarancin ma'aikatan jinya bayan korona, abin da kika fi ni sani, don haka ba za a ce kai tsaye sayarwar ce ta jawo ba. Amma ranar da abin ya faru, mutanen gari ba su da kwamishinan da za su tare a bakin coci ko a kantin sayayya su ce masa ka gyara ko mu kayar da kai. Masu yanke hukuncin suna hedkwatar Novant a birnin Winston-Salem, tafiyar awa uku da wani abu a mota.

Ni dai a ganina farashi shi ne abin da ya fi ƙanƙanta a irin wannan ciniki, ko da yake shi ne kullum a kanun labarai. Abin dubawa shi ne takardar yarjejeniya. Shekara nawa mai saye ya ɗaure kansa ba zai rufe ɗakin haihuwa ko sashen masu taɓin hankali ba, waɗanda ba sa kawo riba? Idan ya saɓa, wa ke da ikon kai shi kotu, kuma da kuɗin wa? Idan ya tashi sayar wa wani, gunduma tana da damar fara saye? Me zai faru da fanshonku da shekarun da kuka yi? Shugabannin asibitin da ke tallata cinikin, wane muƙami da wane albashi ke jiransu a wurin mai saye? Masu ba da shawara da aka ɗauko, ana biyansu ko an sayar ko ba a sayar ba, ko kuwa sai ciniki ya faɗa suke samun kaso? Alƙawarin da ke cikin jawabi iska ne. A Asheville, can yammacin jihar, an sayar da Mission Health ga kamfanin HCA a 2019, shi ma a kan dala biliyan 1.5, kuma da Stein ya maka kamfanin a kotu a Disambar 2023, da sharuɗɗan da aka rubuta a yarjejeniyar ya kama shi. Sannan ki sani tsakanin riƙewa da sayarwa akwai matakai: ana iya ba da asibiti haya na dogon lokaci, kamar yadda birnin Colorado Springs ya yi a 2012 bayan jama'a sun kaɗa ƙuri'a, ana iya ɗauko kamfani ya gudanar gunduma na riƙe da mallaka, ana iya mayar da shi ƙungiya mai zaman kanta ta 'yan gari. Idan ba wanda ya kawo waɗannan a teburinku, ki tambayi dalili.

Jaridar da aka saya da jaridar da ta gaji

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi sana'ata. Zan ba ki labarin kaina, ba don yana da daɗi ba.

Shekarun baya, ina wakilin wata jarida a wata jiha ta Arewa, aka kira mu sakatariyar wata ƙaramar hukuma. Ciyaman zai miƙa wani ɓangare na filin asibitin garin ga wani ɗan kasuwa ya gina shaguna, shi kuma ya gyara ɗakunan kwanciya. Aka raba mana takardar sanarwa shafi biyu, an rubuta "haɗin gwiwa da 'yan kasuwa" har sau huɗu. Aka ba mu lemo da ɗan abin mai a ambulan, kamar yadda aka saba. Ina da wasu labarai uku da zan aika kafin la'asar. Na zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, na juya takardar nan ta zama labari cikin minti ashirin, ban ƙara ƙarya ko ɗaya ba. Ina shirin tayar da babur sai wata ungozoma, da farin kayanta da suka sha wanki har suka koma ruwan toka, ta tsayar da ni ta ce, "Ɗan jarida, ɗakin haihuwar da ke cikin filin, ina aka ce za a mayar da shi?" Ban sani ba. Ban ma san akwai ɗakin haihuwa a wurin ba. Labarin ya fita washegari yadda na rubuta shi, kuma a shafin da ke kallonsa akwai tallar taya ciyaman murna, cikakken shafi, ƙaramar hukumar ce ta biya.

Da za ki tambaye ni a ranar ko an saye ni, da na rantse miki ba a saye ni ba, kuma ba zan yi kaffara ba. Amma duk wanda ya karanta labarin zai ce na ciyaman ne. Mafi yawan son kan jaridun gari haka yake shigowa. Ɓangaren da ke son ciniki yana da jami'in hulɗa da jama'a, yana da alƙaluma a shirye, yana ɗaga waya a bugun farko. Ɓangarenku kuwa ma'aikata ne masu tsoron a ambaci sunansu, da 'yan fansho masu fushi amma ba takarda a hannu. Ɗan jaridar da ke da awa biyu zai bi wanda ya sauƙaƙa masa aiki. A Amurka abin ya ƙara muni, domin tun 2005 ƙasar ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta, waɗanda suka rage kuma an rage musu ma'aikata ƙwarai. Jaridar Wilmington, StarNews, ta fita daga hannun kamfanin New York Times a 2012, ta bi ta hannun kamfanonin Halifax da GateHouse, sannan ta faɗa cikin kamfanin Gannett a ƙarshen 2019, daidai lokacin da ake tsakiyar rigimar asibitin. Ban kawo wannan don in ce ta yi son kai ba. Na kawo shi ne don ki ga irin girgizar da jaridar gari take ciki a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Su mutanen Wilmington ma sun yi sa'a, suna da Port City Daily a intanet da gidan rediyon WHQR da gidajen talabijin, wani ya bari wani ya ɗauka. Ku da ke da jarida ɗaya, idan ta yi gyangyaɗi shi ke nan.

Sannan akwai talla. A garuruwa da yawa asibiti yana cikin manyan masu ba jarida talla, gunduma kuma ita ke biyan kuɗin buga sanarwar hukuma. Ba sai wani ya buga waya ya yi barazana ba. Edita ya san inda albashin wata yake fitowa. Mai jaridar kuma da shugaban asibiti da kwamishina sukan haɗu a ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya, su ci abinci tare, har su yarda da zuciya ɗaya cewa abin da suka ga ya dace shi ne ra'ayin gari.

Kada ki ɗauka ina cewa babu jaridar da ke zama makami da gangan. A wannan Wilmington ɗin aka ga mafi munin misali. A 1898 jaridun fararen fata na jihar, a gabansu News & Observer ta Josephus Daniels da ke Raleigh, suka shafe watanni suna hura wutar ƙiyayya da labarai da zane-zane. Ranar 10 ga Nuwamba gungun masu makamai suka ƙona ofishin Daily Record, jaridar baƙaƙen fata ta Alexander Manly, suka kashe mutane da dama, suka tilasta wa zaɓaɓɓun shugabannin birnin sauka, suka ɗora Alfred Waddell a kujerar magajin gari. Sai a 2006 News & Observer ta nemi afuwa. Wannan ita ce jaridar da ta san abin da take yi. Taku, daga yadda kika siffanta ta, ta fi kama da ni a ƙarƙashin darbejiya.

Akwai hanyar gwadawa, kuma ba ta da wuya. Ki tattara duk abin da suka buga tun ranar sanarwa, ki ware sharhin edita gefe, domin shi ra'ayi ne kuma suna da ikon yinsa. A cikin labaran, ki duba kalmar da ɗan jaridar ke amfani da ita da bakinsa: idan hukuma ta ce "haɗin gwiwa" shi ma ya ce "haɗin gwiwa" alhali takardar da kwamishinoni suka sa wa hannu ta ce sayarwa, ya ari bakinsu ke nan. Ki duba ko alƙaluman da ake kawowa an ce daga wa suka fito, ko an jera su kamar saukakke. Ki ƙirga mutum nawa aka ji daga gare su waɗanda ba albashin asibiti ko na gunduma suke ci ba. Gwajin da ya fi duka kuwa shi ne ki kai musu abu mai ƙwari ki ga yadda za su yi da shi. Jaridar da ta gaji, idan kika miƙa mata takarda sahihiya da ba ta da ita, za ta karɓa da hannu biyu, don kin yi mata rabin aiki. Wadda aka ɗaure za ta yi ta ce miki ana dubawa har ranar ƙuri'a ta wuce.

Abin da zan yi da ni ne ke

Zan bar zagin jaridar a Facebook. Ɗan jaridar da aka kira ɗan amshin shata a bainar jama'a ba ya ƙara kusantar masu kiransa, na san wannan daga jikina. Zan nemi wanda ke rubuta labarin in gayyace shi shan shayi, in tafi da tambaya uku a rubuce, in ce masa ga abin da ba mu ji an amsa ba.

Takardun kuma suna samuwa. Kowace jiha a Amurka tana da dokar buɗe takardun hukuma, kuma muddin asibitin na gunduma ne, da yawa daga bayanansa suna ƙarƙashinta, ko da yake akan keɓe wasu da sunan sirrin kasuwanci. Ku nemi kwangilar masu ba da shawara, da rahoton binciken kuɗi na shekara biyar, da wasiƙun da kwamishinoni suka yi musaya kafin ranar sanarwa, don nan ake gane tun yaushe aka fara dafa maganar. Ku nema yanzu, domin bayan ciniki wannan ƙofar takan rufe. Idan mai saye ƙungiya ce da ba ta raba riba, takardar harajinta mai lamba 990 a buɗe take ga kowa, har albashin manyanta yana ciki. Ku kira ma'aikatan jinya na wani asibitin da ya saya shekara uku da suka wuce, ku tambaye su marasa lafiya nawa kowace ke riƙewa da dare kafin ciniki da bayansa. Ba mai ba da shawara da zai kawo wa kwamishinoni wannan lissafin.

Ina da iyaka a nan, Malama. Ni ɗan jarida ne, ba lauya ba, kuma dokar sayar da asibitin hukuma ta bambanta daga jiha zuwa jiha: wata tana buƙatar ƙuri'ar jama'a, wata sa hannun babban lauyan jiha, wata kuwa kwamishinoni kawai. Ban kuma ga littafin kuɗin asibitinku ba. Yana yiwuwa naku da gaske yana nitsewa, kuma sayarwa da sharuɗɗa masu ƙarfi ta fi rufewa. Kafin ki tsaya gaban makirufo, ki ga lauyan ƙwadago ko wakilin ƙungiyarku in kuna da ita. Ma'aikacin gwamnati yana da wata kariya a tsarin mulkin Amurka idan ya yi magana a matsayin ɗan gari a kan abin da ya shafi jama'a, amma kariyar tana da iyaka, kuma ba ta bin mutum zuwa kamfani mai zaman kansa. Ki yi magana a lokacinki, ba cikin kayan aiki ba, kuma kada labarin wani majinyaci ya fito daga bakinki ko da ba suna.

Zaman jin ra'ayin jama'a ba ya buƙatar katin zaɓe, zama a gundumar ya isa. Yawanci minti uku ake ba kowa. Kada ku ɓata su wajen cewa kuna son asibitinku, kowa zai faɗi haka, har masu sayarwa. Ku raba tambayoyin a tsakaninku, mutum ɗaya tambaya ɗaya, kowa ya karanto tasa ya nemi a rubuta ta a kundin zaman, sannan ya miƙa kwafi ga ɗan jaridar da ke zaune a layin gaba. Ke ki ɗauki ta ɗakin haihuwa: shekara nawa, a wane shafi na yarjejeniyar, kuma wa zai kai ƙara idan aka rufe.